TAURARIN ABZIN: INUWAR GIGINYA, NA NESA KA SHA

A watannin baya an kira ni aikin tafinta a wani taro nan Yamai, wanda baƙi suka halarta daga ƙasashe dabam-dabam. Da aka tashi hutun tsakar rana, muna zaune mu shida a inuwa muna jiran shayi, dukanmu ma'aikatan gwamnati, sai wata Baturiya daga cikin baƙin ta matso ta gaishe mu, ta ce tana da tambaya wadda ba ta shafi taron ba. Ta ce tun da Allah ya kawo ta Nijar, ina za ta je ta kalli wasan Etran de l'Aïr? Ta ce ta taɓa sayen tikiti ta kalle su can ƙasarta, kuma faya-fayansu guda uku suna nan ajiye a ɗakinta.

Na juya wa abokan zamana maganarta kamar yadda ta faɗa. Muka dubi juna. Ɗayanmu ya ce ko wani sabon kamfanin jirgin sama ne. Wani ya ce a'a, ya fi kama da sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Ni kuwa na sunkuyar da kai, domin aikin tafinta shi ne ya kai magana ya komo da amsa, ran nan kuwa na kai magana na komo hannu rabbana.

Kunyar nan ce ta sa na shiga cigiya. Wanda ya fara warware mini zancen wani direba ne ɗan Agadas da muke aiki tare. Ina ambata sunan sai ya yi dariya, ya ce: «Mushe, ai waɗannan yaran Abalane ne. Su suka yi kiɗi ran bikin ƙanwata, har ƙura ta rufe unguwa.» Ya ciro salularsa ya kunna mini. Daga nan na nemi faya-fayan uku, na saurare su ɗaya bayan ɗaya, na kuma karanta abin da jaridun waje suka rubuta a kansu. Abin da na samu shi nake so in kawo gabanku yau, tare da ra'ayina a kai.

Bahaushe ya ce inuwar giginya na nesa ka sha. Galibi ana jifan mutum da wannan karin magana in ya kyautata wa bare ya bar dangi. To, a nan giginyar ba ta da laifi. Shekara 30 ke nan tana tsaye inda take, tana zubar da ƴaƴa a gindinta. Mu ne ba mu ɗaga kai mun dube ta ba, sai da na nesa suka zo suka nuna mana. Ra'ayina shi ne, wannan ƙungiya tana cikin dukiyar ƙasa, kuma mu ma'aikata da masu karatu na kudu muna da bashin da ba mu biya ta ba.

Asalinsu

Sunan rabi Tamajak ne rabi Faransanci. Ma'anarsa da Hausa «Taurarin Abzin», haka kuma zan riƙa kiran su. Ƴan gida ɗaya ne, wa da ƙane da ƴaƴan ƴan'uwa. Iyayensu makiyaya ne da suka shigo Agadas cikin shekarun 1970, lokacin babban farin nan da ya ƙarar da dabbobi, wanda dattawan Adar da Damargu ba su manta ba har yau. Suka sauka a Abalane, wata unguwa ta gidajen laka a gefen gari, inda babu lantarki babu famfo a wancan zamani. Nan aka haifi yaran, nan suka tashi.

An kafa ƙungiyar a shekarar 1995. Wannan shekara tana da girma a tarihin ƙasarmu, domin ran 24 ga Afrilu nata aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa. Kafin nan, gita a Abzin abin ɓoyo ce. Salon kiɗin ya samo asali ne wajen samarin da fari ya kora neman aiki Aljeriya da Libiya, irin su ƙungiyar Tinariwen ta ƴan Mali, da marigayi Abdallah Umbadugu a nan Nijar. Waƙoƙinsu na gudun hijira ne da gwagwarmaya, kaset ɗinsu kuwa hannu da hannu yake yawo a asirce. Da aka yi sulhu sai gita ta fito fili, ta shiga dandalin biki da suna. Taurarin Abzin ƴaƴan wannan sulhu ne.

Musa Ibra, wanda ake kira Abindi, wanda ya zama shugabansu daga baya, yana ɗan shekara 9 a lokacin. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, gita ɗaya tak gare su, mara lantarki, gangarsu kuwa ƙwarya ce da suke bugu da takalmi. Sannu a hankali suka sami kayan lantarki da amsa-kuwwa da ganguna irin na zamani. Mota kam babu. Su kan ɗora kayan a baya su kama hanya da ƙafa, wani lokaci har kilomita 25 cikin daji, su yi wa mutane kiɗin biki, sau da yawa ba a ba su ko dala ba. An ce zumunta a ƙafa take. Waɗannan sun taka ta da gaske.

Wanda bai san Agadas ba zai ce kiɗin biki ƙaramin abu ne. A garin nan dandalin biki shi ne makarantar makaɗi, shi ne kuma wurin jarrabawarsa. A kan share fili a ƙofar gida, a tada injin wuta, mata su zauna gefe ɗaya da adonsu, samari su kewaye, masu rawa su riƙa shiga bi da bi. Makaɗin da hannunsa ya yi sanyi, nan take fili zai watse, gobe kuma wata ƙungiya za a kira, domin ƙungiyoyin gita suna da yawa a garin, gasar kuma da zafi. Daga irin wannan dandali Bombino ya fito, wanda duniya ta sani. Taurarin Abzin suna cikin waɗanda suka fi daɗewa a fagen, an kuma san su da zama makaɗan talakawa, masu zuwa biki da suna a unguwannin bayan gari, inda liƙi bai taka kara ya karya ba.

Masu cin gashin kansu

Turawa sun sa kiɗinsu cikin jinsin da suke kira «rok». Ga wanda bai saba da kalmar ba, kiɗi ne da ya tashi a Amurka cikin shekarun 1950, ana yin sa da gita mai lantarki, da wata gita mai kaurin murya da ake kira bas, da jerin ganguna waɗanda mutum ɗaya ke bugawa da hannu da ƙafa. Masu wannan kiɗi kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai, waɗanda uku daga cikinsu, watau Universal da Sony da Warner, suka riƙe mafi yawan kasuwar duniya. Kamfani ke zuba kuɗi, shi ke talla, shi kuma ke da ta cewa. Sa'an nan akwai masu cin gashin kansu, waɗanda ke aiki su kaɗai ko da ƙananan kamfanoni, su ɗauki kayansu da kansu, su sayar da faifansu a bakin ƙofa bayan wasa. Sun fi na farko ƴanci, sun kuma fi su shan wahala, kuma da yawansu sai sun tsufa ko sun mutu ake sanin darajarsu.

Taurarin Abzin suna cikin kashi na biyu tun ba su san yana da suna ba. Shekara 23 suka yi suna kiɗi ba su da faifai ko ɗaya a kasuwar duniya. Wanda ya kai su can wani Ba'amurke ne, Christopher Kirkley, mutumin birnin Portland, wanda ya yi ta yawon ɗaukar sauti a ƙasashen Sahel, ya fara wani aiki mai suna Sahel Sounds a 2009, aikin ya zama ƙaramin kamfanin faifai mai raba riba biyu tsakaninsa da makaɗa. Dukan faya-fayansu uku a wurinsa suka fito.

Faya-fayansu

Na farko an ɗauke shi a 2014 amma bai fito ba sai 2018. Sunansa «No. 1», watau lamba ɗaya. Ba a shiga ɗakin ɗaukar sauti ba. A fili aka kafa na'ura, a unguwarsu ta Abalane, suka fara kiɗi, maƙwabta suka taru kamar yadda suka saba. Saboda haka mai sauraro zai ji tafi, ya ji guɗa, ya ji hayaniyar jama'a, ya ji amsa-kuwwa tana kuka don an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Wanda ya saba da sautin da aka wanke aka goge zai ce faifan yana da ƙura. A ganina ƙurar nan ita ce darajarsa. Nan da shekara 50, wanda ke son ya san yadda yammacin biki yake a bayan garin Agadas a zamaninmu, babu littafin da zai gaya masa kamar faifan nan. A ciki akwai taken ƙungiyar, «Etran Hymne», da kuma «Agrim Agadez», watau garin Agadas.

Abin da ya fara kama mini kunne shi ne yadda gitocin suke zance da juna. Ɗaya ta riƙe gindin waƙa tana maimaita shi ba gajiya, ta biyu ta bi ta daga sama tana yi mata ado, ta uku ta kutsa tsakani, ta fita, ta komo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi: kowace taɓarya da lokacinta, babu mai karo da ƴar'uwarta. Mai ganga kuwa yana bayansu yana sukuwa, ba ya bari kowa ya huta. Muryoyin ba su neman su danne kiɗin. Ɗaya ya ɗauko, sauran su amsa, kamar yadda muka gada.

A ƙarshen 2020, Amanda Petrusich, marubuciyar kiɗi ta mujallar The New Yorker ta Amurka, ta jera faya-fayan da suka fi burge ta a shekarar, ta sa wannan a kan gaba. Watau faifan da aka ɗauka a ƙofar gidan laka ya sha gaban waɗanda aka kashe wa maƙudan kuɗi.

A watan Janairu na wannan shekara ta 2020 kuma, Sahel Sounds ya ɓullo da wani tsari: kowane wata makaɗa su ɗauki ƴan waƙoƙi da salula, su aika ta WhatsApp, a sayar da su a intanet wata ɗaya, kuɗin duka ya koma hannun makaɗan. Da Taurarin Abzin aka buɗe tsarin. Ina ambata wannan ne saboda samarinmu masu cewa rashin kayan aiki ya hana su motsi. Salular da ke aljihunsu ita ce waɗannan suka yi aiki da ita.

Faifai na biyu, mai suna «Agadez», ya fito a watan Fabrairu na 2022. Sautinsa ya fi tsabta, ana jin kowace tsirkiya daban, kuma a nan ne mutum ke gane faɗin kunnen makaɗan. Galibin kiɗin gitar Sahara da duniya ta sani mai nauyi ne, cike da kewa, gadon zaman gudun hijira. Na Taurarin Abzin mai haske ne, mai sauri, yana tada mutum tsaye ko bai shirya ba. Za ka ji salon gitar Kongo, wanda iyayenmu suka yi rawarsa a Yamai da Maraɗi. Za ka ji na Mali, irin na marigayi Ali Farka Ture. Za ka ji kuma amon kiɗin Hausa irin na gidajen wasa. Dalilin haka a fili yake. Agadas mahaɗa ce tun zamanin ayari, garin Abzinawa da Hausawa da Tubawa da Fulani da Larabawa da Zabarmawa. Makaɗin da ke cin abinci da biki a irin wannan gari dole ya san abin da ke motsa ƙafar kowa. Haɗin kan ƴan ƙasa da muke rubutawa a takardun jawabi, su a kan tsirkiya suka koye shi, don in ba su koya ba ba za su ci tuwo ba.

Na uku, «100% Sahara Guitar», ya fito a watan Satumba na 2024, bayan sun zagaya Turai da Amurka su huɗu, uku suna musayar gita da bas da jagorancin waƙa, ɗaya yana kan ganguna. An ɗauke shi a cikakken ɗakin ɗaukar sauti a Amurka. Abin da a kan ji wa makaɗanmu tsoro in sun kai wannan matsayi shi ne a shafa musu hoda, a rage musu gishiri don ya dace da bakin Bature. Hakan bai faru ba. Kiɗin ya ƙara kauri, muryoyin sun ƙara haɗuwa, amma rawar ita ce dai ta Abalane.

Yabon gwani ya zama dole, amma ba zan ɓoye abin da na gani na rauni ba. Kiɗin nan don tsayuwa aka yi shi. Wanda ya zauna a kujera ya saurari faifai daga farko har ƙarshe, zai ga wasu waƙoƙin sun yi kama da juna, musamman a faifai na uku, inda babu guɗa da tafin jama'a da za su raba masa su. Shawarata ga mai farawa: ya fara da «Agadez», don shi ya fi sauƙin shiga kunne, sa'an nan ya koma ga «No. 1», don can zuciyar take.

Abin da masu suka ke cewa

Na tattauna wannan magana da abokan aiki, na ji suka iri uku, kuma kowanne ya cancanci amsa.

Na farko suka ce gita baƙuwa ce, kiɗin Nasara ne, gara mu tsaya ga goge da kalangu da gurmi. Ina girmama masu wannan ra'ayi, domin kishin al'ada ne ya sa su faɗa. Amma shayin da muke sha ran da baƙuwar nan ta yi mana tambaya, ganyensa daga Sin yake zuwa, kuma babu mai ce masa baƙo a Tawa ko Ingal. Baƙaƙen bokon da kuke karanta wannan shafi da su ma baƙi ne, ga shi kuwa Hausa suke faɗa. Abin dubawa shi ne me kayan ke faɗa a hannun mai shi. Gitar Abzin tana bin sawun tande da takamba da molo ne. Bugu da ƙari, masana da yawa suna ganin kiɗin baƙaƙen Amurka, wanda rok ya fito daga cikinsa, yana da jijiya a wannan yanki namu, ta hanyar bayin da aka kwasa. Girmama Taurarin Abzin ba zai rage wa Ɗan Gurmu na Tawa ko Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram komi ba. Su ma a zamaninsu sun rera abin da kakanninsu ba su rera ba.

Na biyu suka ce ƙasa tana fama da matsalar tsaro da tsadar rayuwa, wa ke da lokacin kiɗi? To, mu dubi Agadas kanta. Tun tawayen 2007 da sace-sacen baƙi da suka biyo baya, ƴan yawon buɗe ido suka ƙaurace wa garin, masu jagora da maƙera da masu masauki suka rasa abin yi. Samari da yawa suka kama hanyar Libiya, wasu suka nufi ramukan zinariya da aka gano a Jado a 2014. Cikin wannan hali, ga wasu ƴan gida ɗaya sun riƙe sana'a shekara 30, suna ciyar da iyali, har suna shigo da kuɗi daga waje ba tare da sun haƙa rami ko sun ɗauki bindiga ba. In wannan ba aikin gina ƙasa ba ne, ina so a gaya mini sunansa. Ban da haka, a biranen da ba a jin sunan Nijar sai tare da yunwa ko yaƙi, akwai dubban mutane da suka san ta ta hanyar gitar Agadas, suna kuma biyan kuɗi don su ji ta.

Na uku suka ce waƙoƙin da Tamajak ake yin su, mu kuwa ba ma ji. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni mamaki. Mu ne muka haddace waƙoƙin fim ɗin Indiya ba mu san ko gaisuwa da harshensu ba. Mu ne muka yi rawar Kongo ba mu jin Lingala. Sai harshen ɗan ƙasarmu ne zai yi mana nauyi a kunne? A shekarar 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Mun yi murna, kuma mun cancanci mu yi. Amma girma da nauyinsa yake zuwa. Babban wa da ba ya sauraron ƙannensa, ba da daɗewa ba za su daina kawo masa magana. In muna so sauran ƴan ƙasa su karɓi Hausa da zuciya ɗaya, sai su ga mun buɗe kunne ga nasu harsunan, kuma babu ƙofa mai sauƙin shiga kamar waƙa.

Abin da za mu yi hasara

Wannan ba shi ne karo na farko ba. Malam Mamman Sani ya ɗauki kiɗinsa na organ a gidan radiyon ƙasa a 1978. Shekara da shekaru ana sa amonsa tsakanin shirye-shiryen radiyo da telebijin, kowa ya san shi a kunne, amma sai a 2013 aikin ya fito a faifai ga duniya, a hannun wannan kamfani na Portland. A Tawa akwai ƙungiyar Azna de l'Ader ta Mona, wadda ta fara kiɗin rok irin na Jimi Hendrix tun shekarun 1970, ita ma ta hannun kamfanin nan mutanen waje suka fara jin ta. Abdallah Umbadugu ya rasu a 2020. Kaset kuwa ba ya jiran kowa: zafi na cin sa, ƙura na cin sa, salula ta faɗa ruwa ta tafi da abin da ke cikinta.

Ba na zargin baƙon da ya zo ya ɗauka ya adana. Godiya ya cancanta. Amma ƙaramin kamfani ne, na mutum ne, a wata ƙasa mai nisa. In ya rufe gobe fa? Ƙasar da ta bar ajiyar muryarta a ɗakin maƙwabci, ranar da jikokinta suka so su ji kakanninsu sai sun yi sallama a ƙofar wani.

Abin da ya kamata a yi

Na ɗaya, ina roƙon Muryar Sahel da gidajen radiyo masu zaman kansu da na karkara su keɓe lokaci kowane mako ga ƙungiyoyin gita na ƙasa. In an sa waƙa, a faɗi sunan masu ita da sunan faifan da shekarar da ya fito. A gidajen radiyon da nake saurare nan kudu, na fi jin na ƙetare sau goma kafin in ji na Agadas sau ɗaya.

Na biyu, duk faifan da ɗan Nijar ya fitar a waje, a nemi kwafinsa a ajiye a cibiyar koyar da kiɗi ta Alhaji Taya da ke Yamai, wadda aka buɗe a 1989, da kuma cibiyar bincike ta IRSH, inda ake adana muryoyin gargajiya. A kuma aika matasan ɗalibai su zauna da makaɗan, su ɗauki tarihinsu daga bakinsu tun suna raye. Kuɗin wannan aiki bai kai na liyafar taro ɗaya ba.

Na uku, maganar haƙƙi. Muna da ofishin kare haƙƙin mawallafa, watau BNDA. Amma makaɗi da yawa bai yi lakwal ba, takardar yarjejeniya kuwa da Faransanci ko Ingilishi take zuwa. Wajibi ne a juya dokar haƙƙin mawallafa da samfurin yarjejeniya cikin harsunan ƙasa, a karanta su a radiyo. Wannan aikinmu ne mu masu fassara, ni kuwa a shirye nake. Haka kuma, in hukuma ta kira makaɗa wajen buki, a yi ciniki da su a rubuce, a biya su kamar yadda ake biyan mai haya da kujeru da mai dafa abinci. Ba roƙo suka zo yi ba, aiki suka zo yi.

Na huɗu, ga masu kula da yaƙi da jahilci. Kullum kukanmu shi ne wanda ya koyi karatu ba ya samun abin karantawa, har ya manta. To, ga abin karantawa nan a bakin mawaƙa. A rubuta waƙoƙin nan da Tamajak, da izinin masu su, a sa fassarar Hausa da Zabarmanci a gefe, a buga ƙananan littattafai. Dattijon da ya san waƙa a kunne, in ya gan ta a takarda, baƙaƙen ba za su sake kuɓuce masa ba.

Na biyar, gasar kiɗin zamani ta Ɗan Gurmu, wadda aka fara a 1987, ta nuna cewa ƙasar nan ta san yadda ake karrama makaɗi. A ƙara mata wata lamba ta musamman ga ƙungiyoyin da suka daɗe suna yi wa jama'a hidima ba tare da tallafin kowa ba. Gidajen matasa da al'adu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso kuma su gayyato Taurarin Abzin. Abin kunya ne a ce mutumin Paris ya gan su ido da ido, mutumin Tasawa bai gan su ba.

Daga ƙarshe, kai mai karatu, naka aikin ya fi na kowa sauƙi. A garinku akwai wasu yara masu ɗaukar amsa-kuwwa a ka suna bin gidajen biki, waɗanda ake ba ragowar tuwo bayan baƙi sun watse. Ka tambayi sunansu. Ka biya su haƙƙinsu kafin gumi ya bushe. Mai yiwuwa ne su ne waɗanda wata baƙuwa za ta zo tana cigiya nan da shekara 20, kuma ba na so ɗanka ya sunkuyar da kai kamar yadda na sunkuyar.

Allah shi ba mu ikon sanin darajar namu tun suna raye, shi zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.